Sikirin Firintin: Daga Ɗaure Raga Zuwa Riƙe Ƙaramin Shagon Buga Riguna

Ka ɗauki rariyar tankaɗe, ka liƙe ramukanta da ƙaro, ka bar wani sashe a buɗe cikin siffar harafi. Idan ka zuba gari ka tankaɗe a kan faranti, harafin nan ne zai fito. Sana'ar da ake kira sikirin firintin ke nan gaba ɗayanta, sai dai a maimakon rariya akwai raga mai laushi da aka ɗaure a firam, a maimakon gari kuma tawada. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi saninta da sunanta na Faransanci, serigirafi. Da ita ake buga da yawa daga cikin jakunkunan da ake rabawa a wurin biki, da rigunan wasanni na 'yan firamare, da rigunan ƙungiyoyi da na kamfe, da ledar shaguna. Tsohuwar sana'a ce, ana danganta asalinta da ƙasar Sin zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279. Da siliki aka daɗe ana yin ragar, yau kuwa zaren foliyesta ya karɓi wurinsa.

Wahalar aikin nan a farko take. Shirya sikirin guda, wato firam da ragarsa da zane a jiki, yakan ci rabin yini, amma da zarar ya yi kyau, buga riga ɗaya ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Kyan aiki da muninsa an gama yanke su tun tawada ba ta taɓa yadi ba, riba kuma ba ta zuwa sai idan zane ɗaya za a buga sau da yawa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, na fasaha da na kasuwanci, daga nan ya taso.

Kayan da za ka fara da su

Firam dai kafinta zai yi maka. Ka ce masa busasshen katako kake so, mai kaurin inci biyu, kuma ya haɗa kusurwoyin da kyau yadda idan aka ajiye shi a kan gilashi ba zai yi rawa ba. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa idan ya sha ruwa, ragar ta saki, aikinka ya riƙa fitowa da inuwa. Firam na alminiyam ya fi ƙarko, amma wannan sai jari ya ɗan yi nauyi. Girman cikin firam ya fi zanen da aƙalla inci uku ta kowane gefe, domin tawada ta sami wurin zama.

Raga ita ce inda mai koyo ya fi asarar kuɗi, don yakan shiga shago ya ce a ba shi "meshi" kawai, a yanka masa wadda ta samu. Kowace raga tana da lamba, kuma lambar tana nufin yawan zaren da ke cikin santimita ɗaya. Mai lamba 43T ramukanta manya ne, tana sakin tawada da yawa, ita ce ta rigar auduga da manyan haruffa, musamman farar tawada mai kauri. Idan zanen yana da ƙananan rubutu ko siraran layuka sai ka hau zuwa 77T. Leda da roba da sitika da takarda kuwa ba sa shan tawada yadda yadi ke sha, don haka suna son 90T zuwa 120T. Wasu masu sayarwa da inci suke lissafi, inda 43T take zama 110, 120T kuma ta zama 305. Ka tambaya da wanne ake magana kafin a sa almakashi.

Sai sikwiji, wato robar nan mai mariƙin katako da ake jan tawada da ita. Ka nemi mai matsakaicin tauri, bakinta a miƙe da kaifi, faɗinta ya ɗara zanen da inci ɗaya kowane ɓangare. Robar da bakinta ya cinye tana barin layi-layi a kan aiki, amma ana iya gyara ta: ka manna samfefa a kan katako mai santsi, ka riƙa goga bakin a tsaye har ya daidaita.

Tawada iri uku ce za ka riƙa cin karo da ita. Akwai ta ruwa, wadda ke shiga cikin zaren yadi, ba ta da nauyi a jiki, kuma da ruwa ake wanke kayan aiki bayan an gama. Matsalarta bushewa a cikin raga, musamman da hunturu. Akwai filastisol, wadda ke zama a saman yadi, launinta ya fito tar ko a kan baƙar riga. Ita ba ta bushewa da iska ko ta kwana a sikirin, sai an gasa ta da zafi. Ta ukun ita ce mai tina, wato ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ta leda da roba da ƙarfe, mai saurin bushewa da wari mai hawa kai. Wanda ba shi da injin gasawa gara ya fara da ta ruwa.

Ragowar ƙananan abubuwa ne: imolshan, wato ruwan da ake toshe ramukan raga da shi, da sinadarin da ake haɗa shi da shi, gilashi mai kauri wanda zai rufe zanen har ya wuce, soso irin na katifa da baƙin ƙyalle, faffaɗan salatif, sitefila irin ta masu kujera, hinji biyu na ƙofa, fanka, dutsen guga, da teburi mai shimfiɗaɗɗen sama. Fararen riguna da yadi Kantin Kwari na Kano ya ishe ka. Sinadarai da raga galibi daga Legas suke haurowa, inda unguwar Shomolu ta yi suna da harkar ɗab'i, shi ya sa ya kamata ka duba kwanan watan da ke jikin robar imolshan, kada a ba ka wanda ya shekara a kan kanta cikin zafi.

Zane da fim

Yawancin masu zane a nan da manhajar kwamfuta ta CorelDRAW suke aiki. Ko wane launi mai kaya yake so, abin da za ka fitar don sikirin baƙi ne wuluk a kan fili mai haske. Kowane launi da fim ɗinsa da sikirin ɗinsa: zane mai ja da kore fim biyu ke nan. Ana bugawa da firintar leza a kan takardar tiresin ko farar roba mai shara-shara. Ka ɗaga fim ɗin ka kalli rana ta cikinsa. Idan haske yana ratsa baƙin, to ka buga guda biyu ka haɗa su daidai da salatif. Idan an rasa tiresin, akan buga a farar takarda a shafe ta da man gyaɗa har ta yi shara-shara. Dabarar tana yi wa manyan haruffa, amma ba na ba da shawararta ga ƙananan rubutu.

A nan ne kuma za ka karanta rubutun harafi-harafi, ba kalma-kalma ba. Da yawa daga cikin salon haruffan kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai mai zane ya sa k ya wuce abinsa. Na taɓa ganin rigunan 'yan tarbar baƙi a wani taro da aka rubuta wa "Barka da zuwa manyan baki", aka yini ana dariya, mai bugun kuma ya yini yana ba da haƙuri. Larabci ya fi wannan haɗari, domin wasu manhajoji suna raba haruffan ko su jera su daga hagu, wanda bai iya karatu ba kuwa ba zai gane ba. Ka sa wanda ya iya ya duba. Idan kuma aka kawo maka aya a ce a buga a leda ko jakar rabo, ka tuna wa mai ita cikin ladabi inda leda take ƙarewa. Yawancin mutane suna karɓar shawarar, a sauya da wata addu'a cikin Hausa.

Ɗaure raga da wanke ta

Ka yanko raga ta fi firam da inci biyu kowane gefe. Ka fara sa sitefila daga tsakiyar gefe ɗaya, ka koma gefen da ke kallonsa ka ja sosai ka ɗaure tsakiyarsa, ka yi wa sauran biyun haka, sannan ka riƙa tafiya zuwa kusurwoyi kaɗan-kaɗan. Mutum biyu sun fi sauƙi, ɗaya na ja ɗaya na bugawa. Idan ka gama ka ƙwanƙwasa da yatsa, ka ji ta yi ƙara kamar kalangu. Ragar da ta yi laƙwas ba ta da magani sai kwancewa.

Sabuwar raga tana zuwa da maiƙo da ƙura da ido ba ya gani. Ka wanke ta ciki da waje da omo ko sabulun wanke kwanuka, ka ɗauraye sosai, ka bar ta ta bushe inda ba ƙura. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa tsakiyarta. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, daga baya su ga imolshan yana ɓarewa ko ya cika da ƙananan huji, su ɗora wa mai sayarwa laifi.

Shafa imolshan

Imolshan wani ruwa ne mai kauri kamar kunu wanda ke daskarewa idan hasken rana ya taɓa shi. Nau'in da aka fi samu yana zuwa da ƙaramar kwalbar sinadarin dayazo. Ka narkar da shi da ruwa yadda aka rubuta a jiki, ka juye a ciki, ka gauraya da tsinke, ka rufe ka bar shi wasu sa'o'i kumfar ta kwanta. Bayan haɗawa kwanakinsa ƙidayayyu ne, makonni kaɗan, zafi kuma yana rage su, don haka ka ajiye shi a wuri mai sanyi, ko a firji amma ba inda zai yi ƙanƙara ba. Ka tabbatar kuma ya dace da tawadarka: akwai mai jure ruwa, akwai mai jure tina. Har yanzu wasu suna amfani da garin baikuromet mai ruwan lemo saboda arha. Guba ne, yana cin fata, kuma yana cikin sinadaran da ke jawo ciwon daji. Idan dole ta sa, to da safar hannu, kuma nesa da yara da abinci.

A ɗaki mai duhu za ka yi wannan aiki, ko ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa. Ka jingina firam a ɗan karkace, ka zuba imolshan a kwatarniyar shafawa, ko ka yi amfani da tsohon katin banki idan firam ɗin ƙarami ne. Ka ja daga ƙasa zuwa sama sau ɗaya a bayan sikirin, wato ɓangaren da zai taɓa riga, sannan sau ɗaya ta ciki. Shafi siriri mai daidaito ake so. Mai kauri ba ya gasuwa har ciki, wato hasken rana ba ya ratsa shi ya daskarar da shi duka.

Ka kwantar da shi bayansa na kallon ƙasa, ka tokare kusurwoyin da katako kada ragar ta taɓa komai, ka kunna fanka. Da hunturu rabin sa'a ya isa, da damina yakan kai sa'a biyu ko fiye. Kada ka sa shi kusa da wuta ko cikin ɗakin kwano mai zafin tsakar rana a watan Afrilu, domin zafin da ya haura digiri 40 yana daskarar da shi ko ba haske, ka zo wankewa zane ya ƙi fita. A irin wannan lokaci da dare ko da asuba nake shafawa.

Gasawa

Nan ne zuciyar aikin. Ka lulluɓe soso da baƙin ƙyalle, ka yanka shi yadda zai shige cikin firam ya ɗan tura ragar sama. Ka kifa sikirin a kansa, bayansa na kallon sama. Ka ɗora fim a kife, yadda kai da ke tsaye za ka ga rubutun a juye. Ƙa'idar ita ce idan aka leƙa ta cikin firam, inda sikwiji ke bi, a karanta shi daidai. Kowa a sana'ar nan ya taɓa gasa rubutu a baibai sau ɗaya. Ka danne da gilashi, fim ya manne da raga ba rata ko kaɗan, domin duk inda haske ya kutsa ta ƙarƙashi bakin harafi zai ci.

Sai ka rufe da baƙin mayafi, ka fita rana, ka buɗe, ka fara ƙirge. Inda rana ta taɓa zai daskare, inda baƙin zane ya kare zai zauna ɗanye, ruwa ya tafi da shi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce minti nawa. Ranar ƙasar Hausa tana da ƙarfi, da tsakar rana lokacin yakan tsaya tsakanin 'yan daƙiƙu zuwa minti biyu, amma ya danganta da irin imolshan da kaurin shafi da wata da sa'a. Hazon hunturu da hadarin damina duk suna sauya lissafi. Maimakon ka karɓi lambar wani, ka sadaukar da sikirin ɗaya ka yi gwaji. Ka rufe shi da kwali ka bar kashi ɗaya cikin biyar a buɗe, bayan daƙiƙa 15 ka ja kwalin ka ƙara buɗe wani kashi, haka har ƙarshe. Za ka sami sassa biyar, daga mai daƙiƙa 15 zuwa mai 75. Ka wanke ka ga wanne ya fi fita, ka rubuta a bango tare da watan da sa'ar. Wanda yake son aiki da dare yana iya amfani da fitilar halojin mai wat 500 a rataye kamar santimita 45 sama da gilashi, ita kuwa mintuna take ci, goma ko fiye, kuma ita ma sai an gwada. Farin ƙwan LED na ɗaki ba ya wannan aiki.

Da lokaci ya cika ka rufe ka koma inuwa. Ka jiƙa sikirin ciki da waje da ruwan sanyi, ka jira minti ɗaya ko biyu, sannan ka fesa ruwa a hankali. Zanen zai fara bayyana, ya buɗe. Idan cikin sikirin yana santsi kamar kuɓewa, ko imolshan yana zubewa har inda ba zane, gashin bai kai ba. Idan kuwa ƙananan haruffa sun ƙi buɗewa duk fesawar da ka yi, ya wuce, ko kuma fim ɗinka bai yi baƙi sosai ba. Kada ka kankare da farce ko buroshi. Wanda ya yi kyau ka tsane shi da tsohuwar jarida, ka mayar da shi rana ya bushe ya ƙara tauri. Sannan ka ɗaga shi a haske ka nemi ƙananan huji ka toshe da ɗigon imolshan, ka bi gefunan firam ta ciki da salatif.

Bugawa

Ka ɗaure firam a teburi da hinji, ya riƙa buɗewa kamar murfin akwati yana sauka wuri ɗaya kullum. Ka yanka falanki mai santsi da za a riƙa zura riga a kai, ka kafe shi, ka shafa masa ɗan gam na teburi domin riga ta tsaya. Ka ja layi a tsakiyarsa da alamar inda wuya zai tsaya. Zanen ƙirji yakan fara kamar yatsu uku zuwa huɗu ƙasa da wuyan riga.

Raga ba ta kwanciya a kan riga. Ana barin rata kamar milimita 2 zuwa 3, ta hanyar manna kwabo ko guntun kwali a ƙarƙashin firam. Sikwiji ne ke danna ragar ta taɓa yadi, yana wucewa ta ɗago da kanta. Wannan ɗagowar ce ke sa bakin harafi ya fito da kaifi.

Ka zuba tawada a saman zanen, layi guda mai faɗin sikwiji. Sikirin na ɗage, ka ja ta a hankali ba dannawa ta rufe zanen. Ka sauke, ka riƙe sikwiji da hannu biyu a ɗan karkace zuwa gare ka, ka ja sau ɗaya da ƙarfi daidai ba tsayawa. Idan ka kwantar da shi da yawa tawada za ta yi ambaliya, idan ka danna kamar mai kirɓa sakwara za ta fantsama gefen haruffa. Ka ɗaga, ka sake rufe zanen da tawada nan take kafin ka cire rigar, domin ramukan kada su bushe. Bugu biyar na farko a kan tsumma ko jarida za ka yi, ba a kayan mutane ba.

Da hunturu tawadar ruwa tana iya toshe raga a ɗan lokacin da za ka amsa waya. Ka sa mata ɗan ritada, wato ruwan da ke jinkirta bushewa, ka kashe fankar da ke kaɗawa kan teburi, ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa. Aikin mutum biyu ne ko uku: mai zura riga, mai ja, mai shanya.

Fari a kan baƙar riga ba ya fita da ja ɗaya. Ka buga, ka busar da saman da na'urar hura zafi har ya daina kama yatsa, rigar na nan inda take ba ta motsa ba, ka sake bugawa a kai. Launi biyu kuwa, ka sa ƙananan alamun giciye a wuri ɗaya a jikin kowane fim domin su zama abin saiti, ka fara da launi mai haske. Ana iya yi da teburi ɗaya idan akwai haƙuri, amma wanda aikin launuka ya fara yi wa yawa lokacin sayen injin nan mai juyawa mai hannu huɗu ya yi, kuma masu walda suna ƙera shi idan suka ga samfur.

Kama tawada da zafi

Riga ta bushe a hannu ba ya nufin ta kama. Nan ne sunan shago ke ɓaci, domin aikin yana fita da kyau, sai an yi wanki biyu rubutu ya bi ruwa. Tawadar ruwa ka bar ta ta bushe sarai tukuna, sannan ka ɗora farin ƙyalle ko ka juya rigar, ka goge da dutsen guga mai zafin auduga minti biyu zuwa uku, ba tururi. Filastisol kuwa sai dukkan kaurinta ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Celsius. Dutsen guga kai tsaye narkar da ita yake ya kwashe. Injin dannawa mai zafi ake so, da takardar teflon a tsakani. Gwajinta: idan ta huce ka ja yadin, in rubutun ya tsattsage bai gasu ba. Gwajin da ya fi kowanne shi ne ka wanke riga ɗaya da omo ka cuɗa ta da gaske kafin ka miƙa sauran.

Rigunan ƙwallo na foliyesta suna da nasu hali. Zafi yana tayar da rinin yadin ya haura cikin tawada, farar lamba a kan jar riga ta koma ruwan hoda, wani lokaci ba a ranar ba, sai bayan kwana biyu kaya na hannun mai su. Akwai tawadar da aka yi don foliyesta mai gasuwa da ƙarancin zafi, ita za ka nema. Jakunkunan biki marasa saƙa kuwa narkewa suke, tawada mai bushewa da iska ake sa musu. Leda kuma ka buga guda, ta bushe, ka manna salatif ka fizge. Idan rubutun ya biyo shi, ko tawadar ba tata ba ce, ko ledar ba a gyara fuskarta don ɗab'i ba.

Ana gamawa ka kwashe ragowar tawada ka wanke sikirin kafin ta bushe. Idan za ka sake zane, akwai ruwan cire imolshan, wasu kuma da bilic suke yi. Ka shafa, ka jira kaɗan, ka fesa ruwa mai ƙarfi. Kada ka bari ruwan cirewar ya bushe a kan raga, in ya bushe imolshan ya zauna ke nan har abada. Kada ka haɗa bilic da wani sinadari, kuma aikin tina a buɗe taga da ƙofa, ba kusa da janareta ko mai shan taba ba.

Shago da kuɗi

Ɗaki ɗaya ya isa farawa, in dai akwai ruwa kusa, da lungun da za a yi duhu, da igiyoyin shanya. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da asusun banki da sunan shago su ne ke buɗe ƙofar makarantu da ƙungiyoyi, domin su da takardar neman biya suke aiki.

Farashi kashi biyu ne, kuma ka raba su a bakinka da a rasit: kuɗin shirya sikirin, da kuɗin bugun kowace riga. A ce, don misali kawai, fim da imolshan da lokacinka na sikirin ɗaya sun tashi naira 6,000. A kan riga 12, kowace ta ɗauki 500 tun ba a sa tawada ba. A kan riga 300 kuwa naira 20 ce. Launi uku, ka ninka sau uku. Wannan lissafin ne zai sa ka san aikin da za ka karɓa. Wanda ya zo da riga biyu yana son hoton fuskarsa mai launuka, ba aikin sikirin ba ne. Ka kai wa masu injin DTF, wato injin da ke buga hoto mai launuka a kan fim don a manna wa riga da zafi, su fitar maka, ka manna da injin dannawa, ka ci 'yar ribarka. Sabbin injinan nan sun kwashe ƙananan ayyuka, amma riga ɗari biyar mai launi ɗaya ko biyu har yanzu sikirin ya fi su arha. Ka sa kuɗin riga biyu ko uku na ɓaci cikin kowace ɗari, ka kuma gaya wa wanda ya kawo kayansa da kansa ya ƙaro rara.

Kada ka gasa sikirin sai mai kaya ya ga zanen, a takarda ya sa hannu ko a WhatsApp ya rubuta cewa ya amince da rubutu da launi da girma. Kada kuma ka sayi riga da kuɗinka: kafin alƙalami ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, cikon kuma kafin kaya su bar shago. Ana jin nauyi, musamman idan babba ne ko ɗan'uwa, amma ana iya faɗa da daɗi: "Alhaji, ka san halin kasuwa, in ban biya yau ba gobe wani farashin ne." Aikin siyasa kuwa biya duka tun farko. Wani wakilin ɗan takara ya taɓa ba ni rabin kuɗin riguna masu yawa, aka yi zaɓen fid da gwani maigidansa ya faɗi, wayarsa ta daina shiga. Rigar da ke ɗauke da fuskar wanda ya faɗi ko a gwanjo ba ta da mai saye, da su na yi ta gwajin tawada kusan shekara.

Kasuwar tana da lokutanta. Satumba makarantu ke komawa, sai wasannin gidaje na 'yan makaranta, sai Maulidi, sai bukukuwan aure da walimar sauka da ke cunkushewa kafin azumi, sai ƙarshen shekara. Tun kafin lokacin ya zo ka ɗauki samfur uku masu kyau ka zaga wurin shugabannin makarantu, da telolin da ke ɗinka yunifom, da masu sayar da kayan rabon biki. Tela ɗaya mai kwangilar makaranta ya fi talla a allo.

Sikirin ɗin makaranta ko kamfanin da ka san zai dawo kada ka wanke zanensa. Ka cire tawada kawai, ka rubuta sunan mai shi da lambar raga a jikin firam, ka jingina shi a tsaye inda rana da ɓera ba sa kaiwa. A littafin shago kuma ka manna guntun yadin da ka buga, ka rubuta yadda ka haɗa launin, cokali nawa na shuɗi da nawa na fari, domin badi shugaban makaranta zai zo da tsohuwar riga a hannu ya ce irin wannan shuɗin yake so.